Yadda Aka Gano Abin da Ke Sauya Tafasar Ruwa

Littattafan makaranta suna cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salsiyas. Haka ne, amma da sharaɗi biyu: ruwan ya kasance tsantsa, iskar da ke kansa kuma ta kasance da nauyin da take da shi a bakin teku. Masana sun shafe kusan shekara 250 kafin su gama gane waɗannan sharuɗɗa.

Sai da aka fara yarda cewa iska tana da nauyi. A shekarar 1643, Evangelista Torricelli na Italiya ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwano, zaibar ta tsaya a tsawon kusan santimita 76. Ya ce nauyin iskar da ke danna kwanon ne ya riƙe ta. A 1648 Blaise Pascal ya sa mijin 'yar'uwarsa, Florin Périer, ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da irin wannan bututu. Yana hawa, zaibar tana sauka, alamar iska ta fi sauƙi a sama.

Robert Boyle ne ya haɗa wannan da tafasa. A littafinsa na 1660 ya bayyana yadda ya sa ruwa mai ɗumi cikin tulun gilashi, ya zuƙe iskar ciki da famfo, sai ruwan ya shiga ɓulɓula alhali babu wuta a ƙarƙashinsa. Bayanin da aka samu daga baya shi ne, ruwa kullum yana sakin tururi, kuma ƙarfin tururin yana ƙaruwa da zafi. Tafasa tana farawa ne sa'ad da ƙarfin tururin ya kai ƙarfin abin da ke danne ruwan. In an rage danniyar, ruwa ya tafasa da wuri. In an ƙara ta, sai ya jira ƙarin zafi.

Denis Papin, Bafaranshen da ya yi aiki tare da Boyle a Landan, ya bi ta ɗaya hanyar. A 1679 ya ƙera tukunyar ƙarfe mai murfin da ake ɗaurewa tam, tururi ya rasa mafita, zafin ciki ya haura har ƙashi ya yi laushi. Don gudun fashewa ya yi mata ƙaramar kafa da nauyi ke toshewa, wadda ke buɗewa in matsi ya yi yawa. A 1682 an ciyar da 'yan ƙungiyar masana ta Royal Society abincin da aka dafa da ita. Jikokinta su ne tukunyar matsi ta yau, wadda ke kai ruwa kusan digiri 120, da na'urar da asibitoci ke kashe ƙwayoyin cuta da ita a kayan tiyata, wadda Charles Chamberland ya fito da ita a 1879.

Waɗanda abin ya fi damu su ne masu ƙera ma'aunin zafi, domin suna neman wuri tabbatacce da za su sa alama, ga shi tafasar tana motsi. Daniel Fahrenheit ya nuna a 1724 cewa tana hawa da sauka tare da nauyin iska. Anders Celsius na Suwidin ya tabbatar da hakan, shi ya sa ma'auninsa na 1742 ya ɗaure alamar tafasa da ƙayyadadden nauyin iska. A wurinsa sifili ne tafasa, 100 kuma daskarewa. Bayan rasuwarsa aka juya su.

Jean-André De Luc na Jeneba ya ƙara dagula lissafin. Ya yi makonni yana girgiza ruwa don ya fitar da iskar da ta narke a ciki, sannan ya ɗora shi a wuta. Ruwan ya kai kusan digiri 112 shiru, sai ya tashi gaba ɗaya da ƙarfi. Ashe ƙananan kumfar iska ne ke ba tururi wurin farawa. Wannan ya sa kwamitin Royal Society ƙarƙashin Henry Cavendish ya ba da shawara a 1777 cewa a riƙa sa ma'auni cikin tururin da ke tashi, wanda zafinsa ya fi tsayawa wuri ɗaya, kuma a yi awon a nauyin iskar da ke riƙe zaiba a tsawon inci 29.8.

Abin da ya zame wa masu ma'auni ciwon kai ya zame wa matafiya kayan aiki. Tafasa tana raguwa da kusan digiri ɗaya a duk hawan mita 300, don haka tukunya da ma'auni sun isa a ƙiyasta tsayin wuri. Da haka John Speke ya auna tsayin tafkin Biktoriya a 1858. Charles Darwin kuwa ya ba da labarin yadda dankali ya ƙi nuna a tsaunukan Andes a 1835 duk da ya kwana a wuta, abokan tafiyarsa suka ɗora laifin a kan tukunya. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96. A ƙololuwar Everest, wajen 70.

Ɗaya sharaɗin, na tsantsar ruwa, ya fi jinkirin warwaruwa. An daɗe da sanin ruwan gishiri yana wuce 100 kafin ya tafasa, amma ba a san ƙa'idarsa ba. Lambert von Babo a 1847 da Adolf Wüllner a shekarun 1850, dukansu Jamusawa, sun auna yadda narkakken abu ke rage ƙarfin tururi. François-Marie Raoult na Jami'ar Grenoble ya gwada abubuwa masu yawa, a 1887 ya fitar da dokarsa: ragin bai dogara da nau'in abin da aka narkar ba, ya dogara ne da yawan ƙwayoyinsa. Suna cuɗanya da ƙwayoyin ruwa, tururin da ke fita ya ragu, sai an ƙara wuta kafin ya kai nauyin iska. Gishiri ya so ya karya dokar, don tasirinsa ya kusa ninka abin da aka zata. A wannan shekarar Svante Arrhenius ya bayyana dalili: kowace ƙwayar gishiri tana rabuwa biyu cikin ruwa. Ernst Beckmann ya ƙera ma'aunin da ke gane kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, tafasa ta zama hanyar auna nauyin ƙwayoyin sinadarai.

Adadin ƙanƙane ne ƙwarai. Sai an narkar da kusan giram 58 na gishiri a lita ɗaya kafin tafasa ta ƙaru da digiri ɗaya, ruwan teku ma bai wuce 100.6 ba. Gishirin da ake barbaɗawa a tukunyar shinkafa na ɗanɗano ne kawai, ba ya gaggauta nuna.

Inda narkakken abu yake nuna ƙarfinsa shi ne sukari, domin yana narkewa da yawa. Ruwan rake yana kauri, tafasarsa tana hawa. Na alewa mai tauri yakan kai digiri 150. Ga masu tace sukari wannan asara ce, don zafin yana ƙona shi ya yi baƙi. A 1813 Edward Howard na Ingila ya magance matsalar da kaskon da ake zuƙe wa iska, ruwan rake ya riƙa tafasa ƙasa da digiri 100. Norbert Rillieux na Amurka ya jera irin waɗannan kasake a shekarun 1840, kowanne matsinsa bai kai na wanda ya gabace shi ba, ta yadda tururin na farko ke tafasa na biyu, na biyu ya tafasa na uku. Masana'antun sukari da na madarar gwangwani da wannan tsari suke aiki har yau.