Waiwaye: Wa Ke Awon Ma'aunin Girgizar Ƙasa?

Mai sayen zinare a Bagega ko Tungar Daji a Zamfara ba ya amincewa da sikeli sai ya fara ɗora masa abin da ya san nauyinsa. In sikelin ya faɗi daidai, sai a shiga ciniki. Masana girgizar ƙasa sun haura shekara ɗari suna neman irin wannan dutsen awo domin nasu na'urorin.

A shekara ta 132, Zhang Heng na ƙasar Sin ya ƙera tulun tagulla mai kawunan dodanni takwas, kowanne riƙe da ƙwallo a baki. In ƙasa ta motsa, sai ƙwallo ya faɗa bakin kwaɗon da ke ƙasansa. Tulun yana shaida cewa ƙasa ta girgiza, amma ba ya faɗin ƙarfinta. Sai daga 1880, a Japan, John Milne da James Ewing da Thomas Gray suka ƙera na'urori masu zana motsin. A 1889 wata na'ura a Potsdam ta Jamus ta kama girgizar da ta auku a Japan. Irin wannan motsi mai zuwa daga nesa a hankali yake tafiya, kaiwa da komowa ɗaya takan ci daƙiƙa ashirin, ba ƙafar da za ta ji shi.

Daga 1961 Amurka ta kafa tashoshi kusan 120 a faɗin duniya, har da nufin gano gwajin makaman nukiliya. Kowace tasha tana sauraron fuska uku: sama da ƙasa, arewa da kudu, gabas da yamma. A wancan lokaci, kullum akan tura wa na'urar wutar lantarki sananniyar adadi, a duba yadda ta amsa a takarda. Dutsen awo ya samu ke nan.

Daga baya aka koma ɗora na'urar a teburi mai kaɗawa, hasken leza yana auna tafiyar teburin, hanyar da ƙa'idar ISO 16063-11 ta 1999 ta tsara. Sai dai motsi mai sanyi yana da tarko. In teburin ya ɗan karkata, ƙarfin jan ƙasa yakan kutsa cikin awon, na'urar ta ɗauka an tura ta gefe. Haka kuma fuska ɗaya takan ɗebi kaɗan daga motsin 'yar'uwarta. Maganin da aka samo shi ne a auna karkatar a cire ta daga lissafi, a gwada fuskokin uku, ko a ajiye na'urar kusa da wata amintacciya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a kwatanta abin da suka rubuta.

Maganar ta shafe mu. Ƙasa ta girgiza a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi a 2016, a Mpape ta Abuja a 2018, kuma cibiyar Toro ta jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana kula da tashoshin sauraro. Ƙarƙashin yankinmu akwai tsohuwar tsagar dutse da ta bi ta Anka zuwa Yawuri har Iseyin, wadda jijiyoyin zinarenmu ke bi. Ranar da bango ya tsage a Bukkuyum ko Gummi, mutane za su tambaya: nakiyar masu haƙa ce, rami ne ya rufta, ko ƙasar ce da kanta? Zamfara ta cancanci tasharta, a kuma ware kuɗin gwada ta a kai a kai tun ranar da aka kafa ta, domin amsar da za ta ba su ta zama abin dogaro.