Tsohon Alkawari da Sabo a Ma'aunin Ɗabi'a: Duba daga Ƙasar Malumfashi

A ƙasar Malumfashi, daga Dayi zuwa Kafur da ƙauyukan da ke bin hanyar Funtua, akwai gidajen Hausawa Kiristoci waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, wasu a ECWA, wasu a Katolika. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, aikin da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya jagoranta. Duk wanda ya karanta shi daga bango zuwa bango sai ya ci karo da tambaya: ta yaya littafin da ya ba da umarnin shafe Amalekawa har da jarirai da dabbobi (1 Sama'ila 15) zai kuma umarci mutum ya ƙaunaci maƙiyinsa (Matiyu 5)? Amsar da ta fi yawo ita ce, Tsohon Alkawari na zamanin Shari'a ne, Sabo kuwa na alheri. A ganina wannan rabon bai dace da abin da ke rubuce ba, kuma yana da illa ga mutane.

Gardamar ta daɗe. Markiyon, ɗan garin Sinof, ya ce Allahn Yahudawa dabam ne da Uban Yesu, ya yar da Tsohon Alkawari baki ɗaya, ikilisiyar Rum ta kore shi a shekarar 144. Tartuliyan na Kartaj ya yi masa raddi mai kashi biyar. Daga baya Faustus, malamin Manikawa, ya soki halayen Ibrahim da Yakubu da Dawuda, Agustin na Hippo ya ba shi amsa. Tartuliyan da Faustus da Agustin duk 'yan Afirka ta Arewa ne. Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya kafa hujja da labarin Lutu da 'ya'yansa mata cewa an sauya Attaura, domin annabi ba zai aikata haka ba. Wannan hujjar ce Bahaushe Kirista ke ji har yau daga bakin maƙwabcinsa Musulmi.

Amma idan aka natsu, za a ga cewa sukar zalunci daga cikin Tsohon Alkawarin kansa take tasowa. Ibrahim ya yi jayayya da Ubangiji saboda marasa laifi na Saduma. Natan ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya faɗa masa laifinsa a kan matar Uriya. Umarnin ƙaunar maƙwabci, wanda mutane da yawa ke ɗauka Yesu ne ya fara kawo shi, yana Littafin Firistoci sura 19, tare da dokar da ta hana manomi girbe gefen gonarsa ko yin kala, don matalauci da baƙo su samu. Sabon Alkawari ma yana da nasa wurare masu nauyi: mutuwar Hananiya da Safiratu nan take, da umarnin bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu a Afisawa 6, wanda masu bayi a Amurka suka riƙe hujja. Ban faɗi haka don wanke 1 Sama'ila 15 ba. Surar tana da ban tsoro, kuma malamin da ya tsallake ta bai yi wa almajiransa adalci ba.

Inda maganar ta fi taɓa rayuwa a wannan yanki shi ne aure. Magidanci Bamaguje mai mata biyu ko uku, da gandu da 'ya'ya, ya karɓi bishara, sai a ce masa auren mata da yawa na tsohon zamani ne. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth a 1888 ya hana yi wa irinsa baftisma. Sai a 1988 aka sassauta, aka ce kada a tilasta masa sakin kowace, muddin ba zai ƙara aure ba. Dokar Katolika ta 1983 ta ce ya riƙe ɗaya, a kula da bukatun sauran.

To, a duba hujjar. Da Yesu ya yi magana a kan aure a Matiyu 19, Littafin Farawa ya koma, wato Tsohon Alkawari, kuma abin da ya tsananta a kansa shi ne saki. Sharaɗin mace ɗaya a 1 Timoti 3 an gindaya shi ne ga shugabannin ikilisiya. Ke nan wanda ya sa magidanci ya kori amarya da goyonta da sunan Sabon Alkawari, ya jefa shi cikin abin da Yesu ya fi tsawatarwa a kansa a Matiyu 19. Nassin da ya tsaya wa matar da ke zaune da kishiya kuwa yana Fitowa 21, inda aka hana mai ƙara aure rage wa ta farko abinci, da sutura, da haƙƙin kwana.