Shekarar da Aka Halatta Aron Mahaifar Kishiya

Yau tarihin aron mahaifa zan ɗauko muku, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a asibiti, a dasa wa wata mace ta haifa musu.

A yankinmu na Ɗansoshiya, daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, wadda Allah bai ba haihuwa ba riƙo ake ba ta. 'Yar'uwarta ta yaye yaro ta miƙa mata, ta raine shi har ta aurar da shi, amma kowa ya san uwarsa, gado ba ya rikicewa.

A 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririya ta farko ta hanyar dashen ƙwai. A 1980 Muftin Masar, Sheikh Jadul Haƙƙ, ya halatta dashen tsakanin miji da mata kawai.

To ga inda abin ya taɓa mu. A 1984 Majalisar Fiƙihu ta Makka ta yarda kishiya ta ɗauki cikin abokiyar zamanta, tunda mijin ɗaya ne. Ku ɗan hango wannan a gidan Bahaushe! A 1985 ta janye fatawar, domin kishiyar tana iya samun nata cikin a lokacin, a rasa wace ce uwar wane. Ni dai wannan hujjar ta gamsar da ni.

Masu kuɗin duniya kuwa Indiya suka nufa suna hayar matalauta, har gwamnatin ƙasar ta rufe wa baƙi ƙofar a 2015.