Daga Guga zuwa Famfon Tuƙa-tuƙa a Ƙasar Gusau

Duk wanda ya ratsa ƙasar da ta miƙe daga Tsafe zuwa Gusau har Bunguɗu, ya ga dutsen Kwatarkwashi tsaye a sarari, to ya sani irin wannan dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsa, ruwa kuwa ba ya samuwa sai a tsagarsa ko a ruɓaɓɓen samansa. Saboda wannan ƙaranci ne magabata suka riƙi rijiya amana, mai haƙa ta yana fatan ladan sadaka mai gudana, masu sha kuma suna ɗauke da haƙƙin kiyaye ta. Idan rani ya tsananta, mai unguwa yakan kira gayya, a zura mutum da igiya ya yashe laka. Idan guga ya faɗa, an san gidan da ake aron ƙugiya. Baduku kuma yana ɗinke gugan fata tun bai yage ba.

Sa'an nan zamani ya zo da burtsatse, musamman bayan kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, famfunan tuƙa-tuƙa suka yawaita a ƙauyuka. Hikimarsu ɗaya ce da ta injinan da ke zuƙo man fetur, wato doguwar sanda mai hawa da sauka cikin bututu, ga bawul yana hana abin da aka ɗago komawa. Hasali ma da famfon hannu aka fara ɗebo mai daga rijiyar Drake a Amurka a 1859. Cututtukansu ma ɗaya ne: tsatsa, da yashi mai cinye roba, da gajiyar ƙarfe. Sai dai ma'abota mai, da yake tsayawar inji hasara ce bayyananniya, sun mai da dubawa ƙa'ida, suna rubuta sababin kowace karaya domin kada ta maimaitu. Mu kuwa an kawo mana ƙarfe ba a kawo ladubbansa ba, aka ce na gwamnati ne, al'adar gayya ta tsaya a bakin tsohuwar rijiya.

Alhali famfo ba ya mutuwar fuju'a. Hannunsa yakan fara kwancewa, sarƙa ta bushe tana ƙara don rashin giris, ruwa ya yi ja, yarinya ta daɗe tana tuƙi kafin ɗigo ya sauko. Ina roƙon limamai da masu unguwanni su naɗa wa kowane famfo wakili da ɗan asusu, a riƙa buɗe kansa ana dubawa tun kafin rani ya shigo.