Takin Gwamnati da Tuwon Masara a Ƙasar Zazzau

Duk wanda ya tashi a Kwarbai, cikin birnin Zariya, in ya tambayi kakarsa tuwon da aka fi ci a zamaninta, na dawa za ta ce masa. Masara a lokacin 'yar bayan gida ce, ana shuka ta inda toka da kashin dabbobi suka taru, a gasa ta a rage yunwa kafin kaka. Yau tuwon masara ya shiga kusan kowane gida, kuma tallafin taki na gwamnati na cikin manyan dalilan haka.

Hannun hukuma ya daɗe a gonakin Zazzau. A zamanin Turawa ana raba irin auduga kyauta, don injin gurzar auduga na kamfanin BCGA da ke Zariya ya samu abin aiki. A 1922 aka buɗe gidan gona na Samaru, wanda ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk da haka, manomin birni da takin gida ya dogara. Da rani yake loda wa jaki mangala, ya fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona ya zuba a gona.

Kuɗin man fetur ne suka sauya lamarin. A 1975 aka fara shirin raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe, da bashin Bankin Duniya. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta karɓi sayen takin zamani da rabonsa, tana ɗauke wa manomi kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin buhu. A daidai lokacin kuma farar masara mai yawan yabanya, wadda cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, ta bazu a Arewa. Kamfa da sufa da yuriya suka yi araha, sai gonakin dawa suka riƙa komawa na masara.

Sai dai dawa tana haƙuri da ƙasar da ta gaji, masara kuwa ba ta yi sai ta ci taki. Wanda ya koma mata ya ɗaure kansa da buhun gwamnati. Da Babangida ya kawo tsarin SAP a 1986, naira ta faɗi, kuɗin shigo da taki ya hau. A 1997 gwamnatin Abacha ta janye tallafin gaba ɗaya, amfani da taki ya ragu ƙwarai. An dawo da shi a 1999, amma kashi 25 cikin 100 kacal.

Ko a shekarun da ake bayarwa, rabon kan bi ta hannun jiha da ƙaramar hukuma da 'yan siyasa. Buhun da aka ware wa ƙauye sai ya ɓulla a kasuwa, ko ya iso bayan masara ta yi goyo. Ministan noma Akinwumi Adesina da kansa ya ce kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin ke isa gare su. Shi ya sa a 2012 ya kawo rabo ta wayar salula: saƙo ya shigo wa manomi, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu a rabin kuɗi. Tsarin bai yi nisan kwana ba. Gwamnatin Buhari ta ɗauko wata hanyar, ta haɗa kai da Maroko ana haɗa taki a gida, aka sa buhu naira 5,500. Yau farashin ya ninka haka sau da yawa.

Tallafi yakan zo ya tafi da gwamnatin da ta kawo shi, amma masarar da ya shigo da ita tana nan tana neman taki kowace damina. Shi ya sa wasu manoman kewayen Zariya suka fara rage ta, suna komawa dawa da waken soya. Mai saye a Kwarbai kuwa, a kuɗin tiyar masara yake jin labarin.