Cin Ranin Ɗan Tsakiya: Tafiyar Shehu Abdullahi Daga Sakkwato

A gidajen kallon ƙwallo na Dogon Daji, kamar na Tambuwal da Kebbe, sunayen da ake rubutawa a allon bakin ƙofa ranar Asabar ba su cika sauyawa ba: Arsenal, Chelsea, Manchester United, Barcelona, Real Madrid. Yaron da ya tashi yana karanta wannan allo zai ɗauka cewa iyakar sana'ar ƙwallo ke nan, ko mutum ya shiga ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ko kuwa bai yi komai ba. Amma ɗan ƙasar Sakkwato da ya kai har gasar cin kofin duniya, Shehu Abdullahi, bai taɓa sa rigar ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsakanin 2014 da 2022 ya yi wa ƙungiyoyi shida aiki a ƙasashen waje biyar, kuma da wuya a ce an taɓa rubuta sunan ɗaya daga cikinsu a allon nan. Tarihinsa ya fi kama da abin da mutanen wannan yanki suka daɗe da sani, wato cin rani.

Cin rani tsohuwar al'ada ce a Lardin Sakkwato. Da an kammala girbin gero da dawa, sai majiya ƙarfi su nausa kudu, wasu Ibadan, wasu Ikko, wasu har ƙasar da ake kira Gana a yau, su kama duk aikin da ya samu, su komo kafin saukar damina. Yawan masu wannan tafiya ya kai har wani Baturen masanin labarin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazari na musamman a kansu a shekarun 1950. Ɗan cin rani ba ya zaɓen aiki. In dako ya samu ya yi, in ga-ruwa ne ya yi, in gadi ne ya kwana a bakin ƙofa. Wanda ya iya aiki biyu ya fi wanda ya iya ɗaya saurin samun ubangida, sai dai ba a cika kiransa gwani a ko ɗaya ba. Haka ta kasance da Shehu.

An haife shi a Sakkwato ranar 12 ga Maris, 1993. Jihar ba ta da ƙungiyar da ta kafu a babban rukunin gasar Najeriya. Sokoto United, mai wasa a filin Giginya, ta fi zama a rukunin ƙasa. Saboda haka matakin farko ga duk yaron da ƙafarsa ta nuna shi ne barin gida. Shehu ya bi ta Jos, wurin Plateau United, sannan a 2012 ya sauka Kano Pillars.

Ya zo a kan gaɓa. Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta riga ta ci gasar ƙasa a 2008, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, kuma filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙi ke shiga da fargaba, don shekara da shekaru ba a doke Masu Gida a gida ba. Ƙarƙashin koci Baba Ganaru ƙungiyar ta ɗauki kofi a 2012, ta maimaita a 2013. Idon 'yan kallo yana kan Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, masu kai hari da zura ƙwallo. Aikin Shehu yana bayansu. Ɗan tsakiya mai tsaro, wanda ake ce wa lamba shida, shi ne ke tsayawa gaban 'yan baya, ya tare ƙwallon da aka ƙwace kafin ta zama hari, ya toshe gurbin da abokinsa ya bari, ya miƙa wa mai dabara ya ci gaba. Idan ya yi aikinsa daidai, mai kallo ba ya lura da shi. Sai ranar da ba ya nan ake gane ramin da yake rufewa. Shi ya sa tarihin irin waɗannan 'yan wasa ke da wuyar rubutawa, domin alƙaluman da jaridu ke ajiyewa na masu cin ƙwallo ne.

Ƙofar waje ta buɗe ne daga gasar CHAN ta farkon 2014 a Afirka ta Kudu, gasar da aka keɓe wa masu wasa a ƙungiyoyin gida. Marigayi Stephen Keshi ya tafi da Shehu. A can ne Najeriya ta farfaɗo bayan Maroko ta zura mata uku, ta ci 4-3, daga bisani ta ƙare a matsayi na uku. Dillalan 'yan wasa kan cika irin wannan gasa kamar yadda fatake ke cika kasuwar kara, kuma kafin shekarar ta ƙare Shehu ya koma Qadsia ta Kuwait.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana shi Ingila? Amsar tana cikin dokar aiki. A wancan lokaci Ingila ba ta ba ɗan wasan da ba na Tarayyar Turai ba izinin aiki sai in yana buga wa babbar tawagar ƙasarsa wasa a kai a kai, sharaɗin da matashin da ya fito daga gasar gida ba ya iya cikawa. Ƙasashe irin su Fotugal da Beljiyam da Saifurus sun fi sassauci, don haka suka zama zaurukan da 'yan Afirka ke bi su shiga Turai. Kuwait kuwa kuɗi take biya, amma ba ta kan hanyar masu neman 'yan wasa. Qadsia babban gida ne a ƙasarta, sai dai wanda ya daɗe a can yana iya tara abin duniya a manta da shi. Shehu ya yi kamar shekara guda ya fita, kuma fitar ta zo daidai, don a Oktoban 2015 FIFA ta dakatar da Kuwait daga harkokin ƙwallo na duniya.

União da Madeira, inda ya koma a 2015, ƙaramar ƙungiya ce a tsibirin da aka haifi Cristiano Ronaldo, wadda ta hau babban rukunin Fotugal bayan shekara ashirin tana ƙasa. A watan Disamba na wannan shekara ta riƙe Benfica babu ci, ta doke Sporting ɗaya da nema. Duk da haka, da kaka ta ƙare a 2016 ta sake faɗawa. Ɗan tsakiya mai tsaro a ƙungiyar da ke fafutukar tsira yana shan aiki fiye da kowa, tun da yawancin minti casa'in ƙwallo tana ƙafar abokan hamayya, kuma a ganina wannan kaka ɗaya ta koya masa abin da shekarun cin kofi a Kano ba su koya masa ba.

A daidai nan ne sana'arsa ta rabu biyu. A gasar Olamfik ta Riyo a 2016, Samson Siasia ya yi amfani da shi a matsayin ɗan baya na dama, wato lamba biyu. Ita ce tawagar da ta maƙale a Atlanta, ta isa Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasanta da Japan, ta kuma ci 5-4, sannan ta doke Honduras 3-2 ta samo tagulla, lambar yabo ɗaya tilo da Najeriya ta samu a wannan gasa. Daga nan kociyoyi suka gane cewa sun sami mutum ɗaya mai cike gurbi biyu. Gernot Rohr ya ci gaba da ajiye shi a dama a Super Eagles, domin tsakiya ta riga ta cika da Mikel Obi da Ogenyi Onazi da Wilfred Ndidi. Ribar a bayyane take: da ya nace sai tsakiya, da wuya ya ga Rasha. Hasarar kuwa ta fito a can ɗin. Shi ya fara wasan farko da Kuroshiya a Kaliningrad ranar 16 ga Yuni, 2018, aka ci Najeriya biyu da nema, Rohr ya sauya tsari zuwa 'yan baya uku, ya mayar da Victor Moses gefen dama, Shehu ya koma benci. Wanda aka ara wa gurbi shi ake fara karɓe wa idan lissafi ya canza. Mai hannu da yawa, in ji masu magana, ba ya rasa abin yi, amma ba a ce ba ya rasa wurin zama ba.

Mu koma ga ƙungiyoyi. Bayan Riyo ya tafi Anorthosis Famagusta ta Saifurus, ƙungiyar da ita kanta 'yar gudun hijira ce: tun da sojojin Turkiyya suka mamaye arewacin tsibirin a 1974 ta bar garinta na Famagusta, take wasa a Larnaca har yau. A Janairun 2018 Bursaspor ta Turkiyya ta ɗauke shi, inda ya tarar da William Troost-Ekong da Mikel Agu. A takarda wannan ne matsayi mafi girma da ya taka. Bursaspor ce ta karya mamayar manyan Istanbul ta ci gasar Turkiyya a 2010, tana da dubban magoya baya da sabon fili. Amma gida ne da bashi ya riga ya ci ginshiƙinsa. A 2019 ta faɗa rukuni na biyu, kuma ɗan wasan da ya buga gasar duniya shekara guda kafin nan ya sami kansa yana yawo a ƙananan filayen Turkiyya. A bazarar nan ce kuma ya ji rauni a wasan farko na gasar cin kofin Afirka a Masar, da Burundi, aka fitar da shi tun kafin hutun rabin lokaci. Bursaspor ta ci gaba da gangarawa bayan tafiyarsa har rukuni na huɗu, União kuma matsalar kuɗi ta durƙusar da ita. Ɗan wasa yana sa hannu a kwantiragi ne da suna da tarihi, alhali abin da zai biya shi albashi shi ne asusun ƙungiya, wanda ba a nuna masa.

Shekarunsa mafi albarka a waje sun zo ne bayan an ɗauka ya gama. A 2020 ya koma Saifurus, wurin Omonia ta birnin Nikosiya, ƙarƙashin Henning Berg, tsohon ɗan bayan Blackburn da Manchester United. Omonia ta ci gasar ƙasar a kakar 2020/21, karon farko tun 2010, ta buga rukunin gasar Europa, sannan a 2022 ta ɗauki kofin ƙalubale ƙarƙashin Neil Lennon. A ƙungiyar da ke wasa a gida da Turai cikin mako guda, mai cike gurbi biyu ba ɗan aro ba ne, kadara ne, kuma nan ne halin da ya cuce shi a Rasha ya biya shi. Daga nan sai Levski Sofia ta Bulgeriya a ƙarshen 2022, inda bai daɗe ba. Wani ɗan tsakiya daga Arewa, Garba Lawal na Kaduna, ya sa wannan riga kimanin shekara ashirin kafinsa, shi ma mutum ne da aka riƙa jefawa duk inda aka sami giɓi, daga tsakiya zuwa gefen hagu.

Sannan ya komo gida, ko da yake gidan Kano ne ba Sakkwato ba, tun da har lokacin babu ƙungiyar babban rukuni a Birnin Shehu da za ta karɓe shi. Pillars ɗin da ya tarar ba ita ya bari ba. Nasarawa United ta karya tarihin rashin shan kaye a gida tun 2015, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta hauro a 2023. A kakar 2024/25 shi da Ahmed Musa suka sa rigar Masu Gida tare, su biyun da suka fuskanci Kuroshiya a Kaliningrad, suna bin doguwar hanya zuwa Aba da Uyo da Ibadan tare da yaran da suke firamare lokacin da Shehu ya ci kofinsa na farko a Ƙofar Mata.