Daga Anini Zuwa "Babu Canji"

Dattawan unguwar Gama a Kano ba su manta da lokacin da ake aiken yaro da kwabo ya dawo da canji ba. A zamanin fam da sule, kuɗi na da matakala: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sannan sule. Anini goma ke yin kwabo ɗaya, kuma don yana da huda a tsakiya, mata kan zura shi a zare su ɗaure a zani. Mai teburi a wancan zamani yana iya ƙara farashi da ɗan abin da mai saye ba zai ji a jikinsa ba.

A ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma Naira da kwabo. Fam ya zama Naira biyu, sule ya zama kwabo goma, aka fito da sulalla na rabin kwabo, kwabo 1, 5, 10 da 25. A 1991 kwabo 50 da Naira ɗaya, waɗanda da takarda ne, suka koma ƙarfe. Nan ne mutane suka fara ganin cewa duk kuɗin da aka mayar ƙwandala ya kama hanyar kushewa.

A ranar 28 ga Fabrairun 2007, zamanin da Charles Soludo ke gwamnan Babban Bankin Nijeriya, bankin ya janye ƙananan sulallan, ya fito da sababbin kwabo 50, Naira 1 da Naira 2. Ba su yi kasuwa ba. Da magajinsa Sanusi Lamido Sanusi ya zo a 2012 da shirin mayar da Naira 5, 10 da 20 ƙarfe, jama'a suka yi ca, har gwamnatin Goodluck Jonathan ta dakatar da shirin.

A nan matsalar mai kanti take. Dokar Babban Banki ta 2007 ta sanya tarar Naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya ƙi karɓar Naira a ciniki, kuma a takarda waɗannan sulalla na 2007 har yau kuɗi ne. To amma wanda ya karɓe su a Gama, wa zai ba wa a kasuwar Singa idan ya je sarin kaya? Ga kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta hana a karɓi fiye da farashin da aka rubuta a jikin kaya. Idan an rubuta Naira 995 aka miƙo dubu, biyar ɗin nan haƙƙin mai saye ce.

Kanada ta bi wata hanya. Da ta daina raba sulallan senti ɗaya a 2013, sai gwamnati ta fito da ƙa'ida: a cinikin tsabar kuɗi a kai jimilla zuwa senti biyar mafi kusa, wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa. A Nijeriya kuwa kasuwa ce ta yanke hukuncinta, kuma kusan kullum sama take kaiwa. Sai a ba ka alawa ko ashana a madadin canji, ko a ce "ka biyo ni bashi", ko a nemi ka yafe. Malamai kuwa na jan kunne cewa ciniki sai da yarda, kuma abin da aka karɓa don mai shi ya ji kunyar tambaya bai zama halal ba.

Yanzu da turawa ta waya ta yaɗu, ana iya biyan Naira 995 cif, ba ragi ba ƙari. Sai dai tsohuwar da ta zo sayen gishiri da magi da kuɗinta a bakin zani ba ta da wannan hanya, kuma ita ce canjin ya fi yi wa amfani.